Kayan Hunturu: Jaket, Kayan Wasanni Ko Kaftanin Yadi Mai Kauri?

Da an gama girbin dawa iska ta juya, 'yan kasuwa sai su fara fito da kayan sanyi. Kafin ka shiga tsince-tsince, yau jaket gobe suwaita, gara ka tsayar da salo guda, don duk abin da ka saya ya dace da ɗan'uwansa.

Ka tuna irin sanyin da muke yi. A Kano ko Damagaram, cikin Disamba da Janairu, da asuba ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15, amma kafin azahar ya doshi 30. Ga hazo, ga ƙura. Kayan da za su yi maka su ne waɗanda za ka iya rage wani abu daga ciki idan rana ta ɗaga, kuma ƙura ba ta tona musu asiri.

Kayan wasanni masu hula a baya na samari ne da masu motsa jiki. Ba ka zuwa ɗaurin aure da su. Jibgegiyar jaket ta gwanjo kuwa, irin wadda ake fasa dilarta a Kofar Wambai, don ƙasashen ƙanƙara aka yi ta. Idan kana hawan babur da sassafe, ko a Jos kake, saye ta, tana tare iska sosai. In ba haka ba, ƙarfe goma na safe za ka fara neman inda za ka rataye ta.

Ni dai kaftanin yadi mai kauri nake so, a sa suwaita marar nauyi daga ciki, a ɗora falmaran idan sanyin ya yi tsanani. Da shi za ka je ofis, ka je masallaci, ka wuce gaisuwar surukai, babu mai ganin ka yi shigar sanyi. Rana ta yi, ka cire falmaran, shi ke nan. Shadda ba ta wannan aikin: wanda ya taɓa zura mai sitaci da asuba a Janairu ya san yadda take ɗaukar sanyi kamar kwano. Wajen launi ka nemi ruwan ƙasa, ruwan toka ko ruwan makuba. Baƙi yana da kyau a shago, amma tafiya ɗaya a Keke Napep za ka ga kafaɗunka sun yi fari fat. Ka gaya wa tela ya ƙara inci ɗaya a ƙirji da hammata saboda suwaitar ciki, ya kuma yi wuya mai ɗan tsayi. Ka kai ɗinkin tun Oktoba ko farkon Nuwamba, domin Disamba watan bukukuwa ne, kuma mun san alƙawarin tela a lokacin biki. Kala uku masu jituwa da falmaran guda sun fitar da kai hunturu.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen yadin. Kusan kowane yadi mai kauri yanzu sunansa "kashmiya" ko "ulu". Kashmiya ta gaskiya daga lallausan gashin wasu awaki ake samunta, galibi a Mongoliya da Sin, kuma tsadarta ta wuce a ba ka yadi huɗu a kuɗin shadda. Rubutun da aka saƙa a bakin yadi, wai Super 150, wai na Ingila ko Italiya, kada ya ruɗe ka. Masu jabu ma sun iya saƙa shi. An taɓa rantse mini a wani shago cewa zallar ulu ne, wanki biyu ya yi ƙuraje a hammata da gwiwa. Ga shi idan iska ta bushe yana manne wa ƙafa, in ka cire shi cikin duhu har tartsatsi kake gani. Wannan galibi halin zaren roba ne.

Saboda haka ka ce, "Alhaji, a ba ni zare ɗaya daga baki." Ka fita waje ka kunna masa ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin gawayi da zai murmushe tsakanin yatsunka. Na roba narkewa yake, ya yi warin leda, ya dunƙule ya yi tauri. Idan mai shago ya hana ka zaren, ka yi masa sallama. Gauraye ba laifi ba ne, yana ma da sauƙin wanki da guga, amma a sayar maka a kuɗin gauraye. Ka kuma damƙe yadin a hannu ka saki: mai ulu da yawa zai warware da kansa.

Haka jaket ɗin da ake cewa ta fata. Ka leƙa cikin ɗinki ka ga bayanta; idan ƙyalle ne aka shafa wa roba, kafin Fabrairu za ta fara saɓulewa a wuya da gwiwar hannu. Suwaitar gwanjo kuma a ɗaga ta a rana a duba hudar asu, kada a saye ta da magariba.

Sai awo. Yadi ɗaya inci 36 ne, kuma yadi mai ɗan miƙewa ana iya jansa a kan sandar awo har a rage maka awo. Ka je da tef ɗinka, a shimfiɗa a auna a gabanka kafin almakashi ya taɓa shi.