Wace rauta za ka saka a gida? Gwada sabis ɗin unguwarku tukuna

Yawancin mutane in za su sayi rauta tambayar farko ita ce wacce ta fi gudu, alhali rauta ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ta kamo daga waje shi take raba wa wayoyin gida. Don haka kafin ka nufi Farm Center ko Beirut Road in a Kano kake, ko Banex in Abuja ce, ka aro layin MTN da Airtel da Glo ka saka a wayarka ka gwada a ainihin ɗakin da za ka ajiye ta, da rana ka gwada, wajen ƙarfe tara na dare ma ka sake lokacin da kowa ya hau, don akwai unguwar da sabis yake lafiya lau da safe amma bayan isha'i ko hoto ba ya buɗewa. Layin da ya ci wannan gwajin shi za ka nemo wa rauta.

In kai kaɗai ne, ko kai da madam da waya biyu da laptop, MiFi, wato ƙaramar rauta mai cin sim, ta isa. Tana da batir, ka jefa ta a aljihu ka fita da ita. Sai dai siginar ta ba ta nisa, kuma in aka bar ta a caji dare da rana batirin kumbura yake. Gidan da akwai yara da talabijin mai YouTube da matan gida kowa da wayarsa, a nemo rauta babba mai cin sim, irin su Huawei B535 ko TP-Link Archer MR600. A nan ka duba kwali, akwai Cat4 akwai Cat6, ta farkon iyakarta 150Mbps ta biyun 300Mbps a rubuce, ba wai za ka ga wannan gudun ba ne a zahiri, amma Cat6 tana iya haɗa hanyoyin sabis biyu a lokaci ɗaya, inda ake cunkoso bambancin yana fitowa. Ni dai in kuɗin ya kai Cat6 zan ɗauka.

Sai maganar kulle. Wadda kamfanin layi ke sayarwa ta fi araha kuma sau da yawa da kyautar data take zuwa, amma layinsu kaɗai take ɗauka, ranar da sabis ɗinsu ya ɗauke sai dai ka zauna jira. Wadda 'yan kasuwa ke ce wa yunibasal ta fi tsada, sai dai kowane layi ka saka ta karɓa. Amma fa a kula da wadda aka shigo da ita daga waje ta hannu, wata ba ta da band ɗin, wato zangon siginar, da layinka yake amfani da shi, sai ka ga ta maƙale a 3G kana ta zagin kamfani. A duba ko tana da band 3 da 7 da 20 da 28.

5G kuwa MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023, kuma har yanzu ba ko'ina ta kai ba, in babu ita a unguwarku kuɗi kawai za ka zuba rautar ta koma tana aikin 4G. Kada kuma mai shago ya rikita ka da 5GHz da ke jikin kwali, wannan WiFi ne na cikin gida, babu ruwansa da 5G na kamfani. Yana da gudu in kana kusa, amma bangon bulo biyu ya isa ya kashe shi, shi kuwa 2.4GHz a hankali yake tafiya amma yana ratsa bango. Gidajenmu da ɗakuna ke zagaye da tsakar gida ga zaure can waje, gara rauta mai 2.4GHz da 5GHz duka, kuma a ɗora ta sama kusa da taga a tsakiyar gida, kar a tura ta bayan talabijin ko cikin durowa. In gidan sama ne ko sashe-sashe, jawo wayar LAN, wato kebul ɗin intanet, zuwa ƙaramar rauta ta biyu ya fi ka sayi ƙatuwa guda mai eriya shida.

Wanda ya ja faiba, wato intanet ta kebul, ko ya saka Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam da ta shigo Najeriya a 2023, ba ya buƙatar mai sim, nasu da rautarsu suke zuwa, in zai ƙara sai ya nemi mai WiFi 6 da ramin LAN na gigabit.

Abin da ake mantawa sai an kai gida shi ne wuta. Babbar rauta yawanci ba ta da batir, NEPA na ɗaukewa ta mutu. In babu sola ko inbata sai ka haɗa da ɗan ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, yawancinsu 12V suke ci amma ka karanta jikin cajar tukuna kar ka ƙona ta, ka saka kuɗinsa cikin lissafi tun a kasuwa.

Data ɗin da ake ce wa unlimited ma a karanta sharuɗɗa, da yawa in ka kai wani adadi rage maka gudu ake yi har wata ya ƙare. Kana kunna ta kuma ka canja fasiwod ɗin da ke manne a ƙasanta, da na shiga saitin wanda galibi admin ne, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa waya ba tare da rubuta fasiwod ba, in ba haka ba samarin layi za su kafa benci a jikin katangarka. A shagon ka sa mai kaya ya kunna ta da naka layin a gabanka, ka ga ta nuna 4G, ka tambaye shi kwana nawa ya ba ka in ba ta yi a gida ba, ya rubuta maka a jikin rasit.