GARGAƊI: mai sayar da R36S a sitatus ɗin WhatsApp ya cinye min 140k

Jama'a duk mai harkar ƙananan gem ɗin nan na hannu ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi. Naira dubu 140 wani ɗan damfara ya ci min, 140,000 cif, kuma rabin kuɗin ma ba nawa ba ne, na ƙanin matata ne, shi ne abun da ya fi ƙona min rai. Sikirinshot ɗin hirarmu duk suna nan, da alat ɗin banki, da bidiyon buɗe kwalin, zan ɗora su da zarar na gama rufe lambobin mutanen da ba ruwansu.

Kuma kar wani ya zo min da "ai kai ka yi sakaci". Ni ba yau na fara harkar nan ba. Na san na'urar gem ɗin nan ta hannu, R36S, ciki da bai, cif ɗin RK3326 ne a ciki, RAM 1GB, sikirin inci 3.5 mai 640x480, ramin memori biyu, ɗaya na ArkOS, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, ɗaya na gem. Na san abun da take ɗauka da wanda ba ta ɗauka. Shi ya sa tun farko na ɗana masa tarko, na ce masa "Malam tana yin PS2 kuwa? Winning Eleven nake so", don na san maƙaryatan cikinsu nan take suke cewa eh. Wallahi mutumin nan cewa ya yi "a'a yallaɓai, kar in cuce ka, iyakarta PS1 da Game Boy Advance, ko PSP da N64 ma wasu gem ɗin suna sarƙewa". Kar in cuce ka fa! Da bakinsa, a saƙon murya, har yanzu yana wayata ina ta sake saurara. To fisabilillahi wa zai ji wannan amsa bai yarda ba? Wanda ya ƙi yi maka ƙaryar da za ta sa ka saya nan take, ta ina za ka zarge shi?

Dalilin sayen ma ba don buga gem kawai ba ne. Na daɗe ina haɗa wani ɗan gem nawa da GB Studio, manhajar nan ta kyauta da ake haɗa gem ɗin Game Boy ba sai ka iya kodin sosai ba, na ɗan adaidaita sahu ne yana ɗibar fasinja yana kauce wa ramuka. A laftof komai yana tafiya lafiya, amma sikirin ɗin Game Boy 160x144 ne, rubutun da ka gani raɗau a laftof sai ka riƙe abu a hannu ka ga ko ido ba ya iya karantawa, ga batun maɓallai, yadda babban yatsa ke danna su daban da kibod. Abun da nake so kenan, in sa fayil ɗina a memori in ga yadda yake a hannu.

Au na manta, kafin tiransifa ma sai da muka yi bidiyo kol. Ya kunna ta a gabana, tambarin ArkOS ya fito, ya shiga RetroArch, manhajar da ake buga tsofaffin gem da ita, har ya juya min bayanta. Ashe wannan ta talla ce, ita yake nuna wa kowa. 70k kowace ɗaya har da kuɗin mota da memori 128GB. Ƙanin matata yana zaune kusa da ni lokacin, ya ce "Yaya tunda kai ka san harkar a haɗa da ni", ya turo min nasa 70k, na haɗa na tura 140k a take. Tunda kai ka san harkar. Hmm.

Kayan da aka ce gobe za a sa a mota sai da na gaji da kira. Yau direba bai tashi ba, gobe yaronsa ne ya manta, jibi an yi masa rasuwa, har ta'aziyya na yi masa wallahi. Daga ƙarshe direba ya kira ni na je tasha, kwali ɗaya tal. Ɗaya! Na kira shi ya ce ɗayar tana hanya. Ina kunna wadda ta zo ɗin babu ArkOS babu dalilinsa, wata manhaja daban mai suna EmuELEC ce ta fito, na zare memori duka na kunna sai ga ta ta tashi abunta, alhali ta gaskiyar ba ta da ma'ajiya a ciki, in babu kati ba inda za ta. Jabu ce. Na rubuta ArkOS a sabon kati nawa na sa mata, baƙin sikirin kawai.

Memorin kuwa kar ku so ku ji. A rubuce 128GB, kwamfuta ma 128GB take nunawa, na sa masa H2testw, manhajar gwada ainihin girman memori, ya kwana yana gwaji, abun da ke aiki da gaske bai kai 16GB ba, sauran duk ƙarya. Shi ya sa rabin gem ɗin da ke jerin sunaye ba sa buɗewa, nawa ma da na kwafa ciki ya lalace, farin sikirin kawai yake ba ni.

Da na tura masa hoton sai muryar ta canza, babu yallaɓai kuma, wai "oga duk ai China ce, wace ce orijina a ciki". To ko duk daga China suke, wadda ka nuna min a bidiyo ita ka turo? Ina ta biyun? Ya ce in ƙara 10k ya canza min. In ƙara! Bayan 140k! Daga nan ya yi bulokin ɗina, amma ta wayar wani abokina har jiya yana sa tallar a sitatus, da wannan dai mai ArkOS ɗin. Ba a nan ma ya fara ba ashe, tun daga TikTok na ga bidiyonsa na ɗauki lamba, can ɗin ma ya rufe kwament.

Ku dai kar ku biya sai kaya a hannu. Ku zare kati ku kunna a gaban mai kayan, memorin da ya zo da ita kuma ku jefar ku sayi na kirki.

Na kai ƙorafi banki sun ba ni fom na cike, sun ce in kawo rahoton 'yan sanda, gobe in Allah ya kai mu can zan wuce. Ƙanin matata bai ce min komai ba, gaisuwa kawai yake turowa safe da yamma, na san me take nufi, ƙarshen wata zan biya shi 70k ɗinsa daga albashina. Kai kuma mai "kar in cuce ka", na san wani zai tura maka wannan, ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da kai, kuma akawun ɗin da ka karɓi kuɗin da shi yana cikin abun da zan miƙa musu.