Wane abinci za ka saya wa magen da ka tsinta?

Magen da aka tsinta a bakin kwata ko bayan kasuwa ba ɗaya take da wadda aka haifa a ɗaki ba. Cikinta ya saba da yunwa, galibi kuma da tsutsa a ciki, don haka abin da ka zuba mata a makonnin farko shi zai tashe ta ko ya kwantar da ita. A nan Birnin Kebbi zaɓin bai wuce huɗu ba: ragowar abincin gida, madara, abincin kamfani, sai kifi da kayan ciki da za ka dafa da hannunka. Na ƙarshen nan nake so, kuma ba zan ɓoye ba.

Tuwo da shinkafa cika ciki kawai suke yi, domin mage mai cin nama ce. Miyarmu kuwa ba ta rabuwa da albasa, mu da Aliero ke kusa da mu, alhali albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage. Madarar shanu zawo take sa yawancinsu.

Ni ma'abocin karanta littattafan da likitoci ke rubutawa ne a kan cututtukan da suka ɗaure musu kai, yadda suke bin sawun ciwo har su gano tushensa. Irin wannan ya taɓa faruwa da maguna. An daɗe ana ganin zuciyarsu tana buɗewa tana yin laushi har su mutu, ba a san dalili ba, sai a 1987 wani likitan dabbobi, Paul Pion, da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Davis a Amurka suka gano cewa ƙarancin wani sinadari ne mai suna taurin. Jikin mage ba ya iya haɗa wanda zai ishe ta, dole ta same shi a nama. Rashinsa har makanta yake kawowa. Da kamfanoni suka ƙara shi a abinci sai cutar ta ja baya sosai. Shi ya sa abincin kare ba ya maye gurbin na mage, komai arharsa.

To, mu Allah ya hore mana kifi, daga Argungu har Yawuri. Ka sayi tarwaɗa ko karfasa sabuwa, ka biya wajen mahauta ko masu figar kaji ka karɓi zuciya da ƙundu, domin zuciya na cikin naman da ya fi yawan sinadarin taurin. Ka dafa a ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba yaji. Romon kada ka zubar, sinadarin yana narkewa ya koma cikinsa, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 wannan romon ruwan sha ne ga dabbar da ba ta cika son shan ruwa ba. Idan ya huce ka sa yatsu ka murje kifin, ka tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ɗanyen kifi kam a'a: wasu nau'o'insa na kashe bitamin B1 a jiki, dahuwa ce ke magance hakan. Hanta kaɗan-kaɗan, yawanta na lalata ƙashi. Wadda ta jima da yunwa kuma ba a cika mata kwano lokaci guda, a riƙa ba ta ɗan kaɗan sau da yawa a rana. Tawa da na ɗauko ana ƙirga haƙarƙarinta, gashin wuyanta duk ya zube. Da wannan abincin ta murmure, har ta fara hawa katanga.

Kifi da nama kaɗai ba su cika komai ba, musamman sinadarin da ke gina ƙashi. A nan abincin kamfani irin su Whiskas yake da amfani, a haɗa shi da na gida. Busasshen ya fi jimawa amma sai da ruwa a gefe kullum, musamman ga muzuru da fitsari ke saurin toshe masa. Na gwangwani tsada, kuma da an buɗe ba firji ya lalace.

Sai dai a nan ne ha'inci ya yi katutu. Wani mai shago ya taɓa auna min busasshen abinci a farar leda, yana rantsuwa daga sabon buhu ya ɗebo. Da na zazzage a faranti sai ga ƙwayoyin sun manne da juna, da farin gari-gari a jiki, ga warin tsohon mai. Mai kasuwanci da imani ba zai yi wa dabbar da ba ta iya magana haka ba. Kada ka karɓi abin da aka sauya wa mazubi. Ka nemi buhun da bakinsa ke liƙe, ka duba ranar ƙarewar wa'adi, ka shafa wurin da yatsa ko an kankare an sake bugawa. Buhun da rana ta kodar da launinsa a bakin shago ka bar musu abinsu. Ka karanta jerin kayan haɗin ka ga taurin a ciki, kuma hoton mage ne a jiki, domin akwai masu miƙa na kare su ce duk ɗaya ne.

Kifin banda ma da nasa. Wasu 'yan kasuwa na fesa masa maganin ƙwari irin su Sniper don kada tsutsa ta ci. Abin da ke cutar da mutum mai kilo 60, ina ga mage mai kilo 2? Bandar da ka ga ƙuda ba ya kusantarta a tsakiyar kasuwa, ka yi mata kallon tuhuma.

Idan ta ƙi cin abinci ko tana amai, kada kowa ya ce ka ɓantara mata farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Haka maganin ƙumar kare mai sinadarin famitirin, jijjiga yake sa ta. Ka kai ta asibitin dabbobi a auna nauyinta, a ba ta maganin tsutsa daidai da shi, idan ta kai wata 3 a yi mata rigakafin ciwon haukan kare.