Hasken dare ta tauraron ɗan Adam ko bin gida-gida?

Ɗalibai nan Garwa sun yi ta tambayata, wai in mutum zai auna arzikin wani yanki, hotunan hasken wutar dare zai ɗauka ko binciken bin gida-gida irin ECAM, wato binciken gidaje da INS, hukumar ƙididdiga ta Kamaru, ke yi?

Wajen kuɗi dai ba haɗi. Hotunan VIIRS, wato na'urar tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hasken dare, kyauta Amurka ke sakinsu tun 2012, kwamfuta da intanet kawai kake buƙata, shi ko bin gida-gida sai an ɗau ma'aikata an zuba mai an shiga ƙauyuka, shi yasa bayan ECAM na 2014 sai wajen 2021 aka sake fita. Kuma inda tsaro ya hana shiga, kamar wasu ƙauyukan Mayo-Sava, tauraron na gani daga sama.

Amma ga abin da ke damuna wallahi, tauraron nan wajen ƙarfe 1:30 na dare yake wucewa. Manomin albasa a Marwa, Bafulatani da garkensa, mai auduga, duk suna barci cikin duhu, arzikinsu baya haske. Sannan in ruwan madatsar Lagdo mai ba da lantarki ya ja aka ɗauke wuta, hoton sai ya nuna kamar gari ya talauce alhali da safe kasuwa cike take maƙil. Mai bin gida shi zai zauna kan tabarma ya tambayi buhu nawa aka noma.

In girman birni kake bi shekara-shekara, kamar Kuseri da Njamena, kuma aljihunka ba nauyi, ɗauki hasken. In talaucin karkara kake son sani, sai ka taka ka je.