Ruwan inabin Concord: abokin tsire ne, ba na alkaki ba

Duk wanda ya saba da jan inabin da ake sayarwa a tire zai yi mamaki in ya kurɓi ruwan inabin Concord. Launinsa shunayya ne mai duhu, yana da kauri a baki, ga wani ƙamshi mai ƙarfi da ke tashi tun kafin kofi ya kai leɓe. Kwalbar da na saya a wani babban kanti a Abuja an rubuta mata kashi 100 ruwan inabi, ba a ƙara sukari ba. Kuɗinta ba na wasa ba ne, kayan waje ne.

Asalin inabin daga Amurka ne. Wani mutum mai suna Ephraim Bull ne ya samar da irin a 1849 a garin Concord na jihar Massachusetts, daga kurangar daji ta yankin, shi ya sa yake jure sanyin da ke kashe inabin Turai. Ana yin jar giya mai zaƙi da shi, amma ba nan ya yi suna ba. A 1869 wani likitan haƙori a New Jersey, Thomas Welch, wanda ba ya son a riƙa amfani da barasa a cocinsu, ya matse inabin ya dafa ruwan bisa dabarar masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, don kada ya rikiɗe ya koma giya. Daga nan sana'ar ta samo tushe. Yau gonakinsa sun fi yawa a gaɓar tafkin Erie da kuma jihar Washington. Shi kuwa Bull bai ci moriyar wahalarsa ba, da talauci ya rasu.

To, batun ɗanɗano. Zaƙin ya yi yawa, gaskiya. Kofi ɗaya mai mililita 240 na ɗauke da sukari wajen giram 36, ya ma zarce na lemon kwalba, don haka mai ciwon sukari ya kiyaye. In ka sha shi zalla da ƙishi, ƙishin zai ƙaru ne. Abin da ya cece shi a wurina shi ne ɗan tsami da baurin da yake bari a harshe, irin na goro amma bai kai shi ba, wanda daga bawon inabin yake fitowa.

Wannan baurin ne ya sa ya dace da nama mai maiƙo. Da balangun rago na fara gwada shi, na ga kowace kurɓa tana wanke kitsen da ke liƙe wa dasashi, sai yankan gaba ya zo kamar na farko. Da tsire kuwa ya fi burge ni. Amurkawa sun daɗe suna shafa wa burodi tunkuzar gyaɗa tare da jam ɗin wannan inabin, abincin 'yan makarantarsu ke nan. Yajin tsirenmu ai ƙuli-ƙuli ne ƙashin bayansa, saboda haka haɗin gyaɗa da Concord ɗin nan ne dai ya sake bayyana, sai dai da barkono a kai, zaƙin kuma yana kwantar da zafin barkonon. Kilishi ma haka. Dambun nama ya yi, amma bai kai waɗannan ba.

Inda ya kasa: alkaki, nakiya, dabino. Zaƙi kan zaƙi, sai gundura. Da soyayyen kifi ƙarni yake tayarwa. Tuwo da miyar kuka kuwa, a bar su da ruwan randa.

Yadda na fi jin daɗinsa shi ne rabi ruwan inabi, rabi ruwa mai sanyi ƙarara, da 'yar matsar lemon tsami. Kwalbar ma ta fi auki a haka.

Masu saye su duba rubutun jikin kwalba da kyau. Akwai waɗanda ruwan sukari ne da kala da ɗan inabi kaɗan, akwai kuma giyar da aka cire wa barasa, wadda kan rage da ɗan abin da bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Duk ba su ne wannan ba. Da zarar an buɗe, firji ne wurinsa. A zafin ƙasarmu, in babu wuta, cikin 'yan kwanaki zai fara tsami da kumfa, alamar ya kama hanyar zama giya. Zan sake saye, amma sai lokacin babbar Sallah, sa'ad da nama ya wadata kuma akwai bakunan da za su shanye kwalbar a yini guda.