Toyota RAV4 ta 2013 zuwa 2018: ko za ta ɗauki gida mai samari da 'yan mata a Kumasi?

Yaro ɗan shekara takwas ko ina ka cusa shi a mota zai zauna. Ɗan shekara 16 kuwa, tun ba a wuce Ejisu ba gwiwarsa ta fara tokarar bayan kujerarka, ƙanwarsa na ƙorafin an matse ta, na tsakiya ya rasa inda zai sa ƙafa. A daidai wannan gaɓar ce magidanta da yawa ke gane cewa ƙaramar motar da ta yi musu hidima shekara da shekaru ta yi kaɗan, sai hankali ya tafi kan babbar mota mai kujera bakwai. Kafin ka kai can, ɗan'uwa, ka tsaya ka dubi RAV4 ƙirar 2013 zuwa 2018 mai injin lita 2.5. Ga gida mai mutum biyar, a cikin motocin hom-yus, wato na hannu daga ƙasashen waje, da ke shigowa ta Tema, da wuya ka samu wadda ta haɗa fili da tsimin mai da sauƙin gyara kamarta. Tana da aibobinta, kuma biyu daga ciki na iya cin kuɗi sosai in ba a duba ba.

A fara da kujerar baya, tunda don ita ake sauya motar. Filin ƙafa ya kai wajen santimita 94, kuma majinginar tana kwanciya baya kaɗan, abin da ke rage gajiya a doguwar tafiya irin ta Kumasi zuwa Tamale. Mutum biyu dogaye za su zauna su miƙe ƙafa. Na ukun, wato na tsakiya, zai zauna amma kafaɗa na gugar kafaɗa, kuma bel ɗinsa daga rufi yake saukowa. Ka tabbatar yana nan da maƙalinsa, domin a motoci da yawa ya ɓace tun wurin wanki ko gyaran kujeru. Gwajin da ya fi kowane adadi shi ne wannan: ka je garejin da yaron da ya fi tsawo a gidan, ka daidaita kujerar direba yadda kake tuƙi, ya zauna a bayanka. In tafin hannu ya shiga tsakanin gwiwarsa da kujerar, ta yi. Hajiya ma ta gwada hawa da sauka. Motar ba ta da tsayin da sai an taka matakala, ba ta kuma yi ƙasa yadda sai an durƙusa ba.

But ɗinta ne abin yabo na gaske. Ranar mayar da yaro makarantar kwana, akwatin ƙarfe da akwatin katakon nan na gari da shito da sukari suna shiga gefe da gefe, bokiti da jaka su hau kai, katifa a naɗe ta kwanta a sama, ba tare da an kwantar da kujera ba. Ƙofar but sama take buɗewa, ba gefe ba kamar ta tsohuwar ƙira, don haka ko an faka a bayanka a Alabar za ka iya ɗaukar kaya. Sai dai tayar safiya da ke ƙarƙashin shimfiɗar siririya ce ta wucin gadi, ta kai ka wurin mai faci kawai. Kuma akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka, kilo 400 da 'yan kai, mutane da kaya a haɗe. Manya biyar da buhun masara daga Techiman sun riga sun cinye wannan.

Aibinta na farko a ƙasa mai zafi: babu bututun AC a bayan akwatin tsakiya mai hura wa na baya iska a fuska. A watan Maris da tsakar rana, sai gaba ta yi sanyi sosai kafin na baya su ji. Saboda haka AC mai rauni a wannan motar ba ƙaramin abu ba ne. Ka gwada shi motar na tsaye cikin rana minti 10, ba tana gudu ba. In sanyin ya ragu a tsaye ya dawo da an tashi, a duba fanka da kwandensa.

Batun mai. Gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka ya ba mai jan tayoyin gaba ta 2013 kusan lita 9.8 a kilomita 100 cikin gari, da 7.6 a babban titi. Mai jan taya huɗu ta fi sha: wajen 10.7 da 8.1. Wancan titinsu ne. A cunkoson Kejetia ko Anloga Junction da AC a kunne, ka yi lissafinka da lita 11 zuwa 12 don kada aljihu ya ba ka mamaki. Tafiyar Accra, kilomita 250 ko kusa, da iyali da kaya, lita 20 zuwa 23 ya kamata ta ci, daga tanki mai ɗaukar lita 60. Fetur na gama-gari ya ishe ta. In ba kana yawan shiga ƙauye da damina ba, ka ɗauki mai jan gaba. Ba ta da dogon shaft da giyar baya da za su nemi nasu man da nasu gyaran. A kula kuma: allon dashbod na motar Amurka da galan ɗinsu yake lissafi, mai lita 3.8, namu kuwa 4.5 ne. Nisan da ta yi ma da mil yake rubuce, sai ka ninka da 1.6. Motar da ke nuna 110,000 ta yi kilomita 176,000 ke nan.

In ka ga RAV4 na shan mai fiye da haka, galibi hannun mutum ne ya taɓa ta. Abu uku ake yi mata. Na ɗaya, a cire tamostat, mai daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada ta yi zafi. Inji sai ya ƙi kaiwa zafin aikinsa, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyin safiya ake, ta riƙa ƙara mai. Alamarsa: ka kunna makulli da sassafe ka ji fanka ta tashi nan take. Na biyu, a fasa salansa a kwashe katalis, matatar hayaƙin da ke ciki, a sayar, a mayar da tukunyar fanko. Ka leƙa ƙarƙashi ka nemi sabon walda a jikin tukunyar. Na'urar bincike kuma yawanci za ta nuna lambar matsala P0420. Na uku, baƙin mai mai kauri. Injin nan, 2AR-FE, 0W-20 aka rubuta masa, lita 4.4 har da filta. In aka ɗura masa 20W-50 saboda sabo, man ba ya saurin hawa sama da safe, sai ka fara jin ƙarar karr na daƙiƙa ɗaya ko biyu daga giyar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗe bawul. Makaniki nagari a Suame Magazine ya san duk wannan, kuma kayan injin ba su wahalar samu, domin irinsa ne a cikin Camry ta 2012 zuwa 2017. Sarƙa ke juya shi ba bel ba, don haka babu kashin kuɗin sauya bel ɗin taimin.

Giyar ita ce wurin da ya kamata ka fi daɗewa. Mai hawa shida ce ta gargajiya, ba CVT mai bel marar hawa-hawa ba, kuma tana da juriya. Amma ƙirar 2013 zuwa 2015 an san ta da rawar jiki daga tok-kombata, wanda ke haɗa inji da giya, har kamfanin ya tsawaita garantin wannan ɓangaren a Amurka. Ba za ka ji ta a zagayen gareji ba. Sai inji ya yi zafi, ka samu titi mai santsi, ka riƙe gudu tsakanin kilomita 40 da 80 da ƙafa sama-sama a kan totur. In ta yi ɗan kakkarwa kamar ka taka ƙananan kunyoyin nan na titi, ta daina da ka ɗaga ƙafa, to ita ce. Wani lokaci sauya mai na rage ta, amma gyaran gaskiya sai an sauke giya. Ko a rage maka kuɗin aikin daga farashi, ko ka bar musu abarsu. Man giyar Toyota WS ne, kuma ba ta da sandar awo. Ta wata ƙusa ta ƙasa ake daidaita shi a wani ƙayyadadden zafi, don haka ba aikin bakin titi ba ne.

Ƙananan abubuwa biyu a ƙarƙashin bonet. Ka haska tocila gefen injin wajen bel: busasshen ɓawo ruwan hoda a kusa da famfon ruwa na nufin ya fara yoyo. Sai batir. A Nuwamban 2023 Toyota ta yi kiran gyara ga waɗannan motocin a Amurka, saboda in aka sa batir da samansa ya yi ƙanƙanta kuma ba a ɗaure shi da kyau ba, yana iya gocewa a kwana, kan mai wuta ya taɓa ƙarfen ɗauri, gobara ta tashi. A nan inda ake sa duk batirin da ya samu, wani lokaci a ɗaure da roba, wannan ba abin wasa ba ne. Ka kama batirin ka girgiza. Kada ya motsa ko kaɗan.

Wace shekara? In kuɗi sun kai, 2016 zuwa sama. Ta 2013 da 2014 ba su yi kyau a gwajin karo na kusurwar gaba ta gefen direba ba, an ƙarfafa jikin a ƙirar 2015, kuma daga 2017 birki mai kama kansa ya zama na kowace. Wannan na da nauyi in ka tuna cewa babban yaron, da ya cika 18 ya samu lasin DVLA, wannan sitiyarin zai riƙe. Kada lambar mota ta ruɗe ka: shekarar da ke ƙarshen lamba ta rajista ce a Ghana, ba ta ƙira ba. Harafi na 10 a lambar shasi shi ne mai gaskiya: D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018.

Lambar shasin nan mai haruffa 17, ka rubuta ta a Google tun kafin ciniki. Motocin Amurka da yawa daga gwanjon motocin haɗari suke zuwa, kuma hotunansu na ranar gwanjo sukan fito. Bugun bamba ko ƙofa ba komai ba ne. Bugun da ya kai ga ƙarfen shasi, ko wanda ya fasa jakunkunan iska, ko ambaliya, waɗannan a guje su. Da ka murɗa makulli fitilar jakar iska da ta inji dole su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an rufe ta ne. Ka zaro bel har ƙarshe ka duba tabon laka, ka ɗaga shimfiɗar but ka sansana. Lambar da ke gindin gilashin gaba, da ta jikin ƙofa, da ta takardun kwastan, su zama ɗaya harafi da harafi. EOCO, hukumar yaƙi da laifukan tattalin arziki ta Ghana, ta sha kama motocin da aka sato daga Amurka da Kanada, kuma mai saye ne ke tashi babu mota babu kuɗi.

Kishiyoyinta fa? Honda CR-V ta 2012 zuwa 2014 ta ɗan fi ta filin ƙafa kuma ƙasan bayanta shimfiɗe yake, zaɓi ne mai kyau in farashi ya fi sauƙi. Daga 2015 ta koma CVT. Tsohuwar RAV4 mai injin 2.4 ta 2006 zuwa 2008 an san ta da ƙona baƙin mai saboda zoben fistin, arharta ba ta biya. Corolla ta 2014 zuwa 2019 ta fi duka tsimi, filin ƙafarta ma ya fi, amma faɗi da but ne suka gaza ga matasa uku. RAV4 mai haɗa fetur da batir, wadda ta fara a 2016, a cunkoso take nuna kanta, sai dai kada a biya sai mai na'ura ya auna lafiyar babban batirin.

In gidan mutum shida ne ko bakwai, ko Kaka na yawan bin ku biki da suna, RAV4 ba ta ku ba ce, domin wannan ƙirar ba ta da layi na uku. Layin ƙarshe na Highlander na ƙananan yara ne, saurayi zai zauna gwiwa a ƙirji. Sienna ta 2011 zuwa 2020 ita ce mai ba kowa cikakkiyar kujera da AC ɗinsa na baya, amma injin 3.5 ɗinta na cin wajen lita 13 a kilomita 100 cikin gari tun a gwajin Amurka, kuma kwastan na cajin inji da ya haura cc 3000 kaso mafi tsada. A gwada ƙofofinta masu zamewa sau uku-uku kowanne gefe, domin wayar da ke jan su ce ke fara tsinkewa.