Tanki ya ɗauru, wuta ta ƙi wucewa: sharhina kan sigarin lantarkin da na yi oda

Kwana 19 na yi ban sa karan sigari a bakina ba. Wanda bai taɓa sha ba zai ɗauka wasa ne, amma ni da na shekara 14 ina zuƙa, ko mako guda cur ban taɓa haɗawa ba sai a wannan karon. Abin da ya riƙe ni kuwa wani siririn sigarin lantarki ne mai kama da biro, wanda yara ke kira shisha fen. Abokina direba, mai lodin Gombe zuwa Kano, shi ya ba ni da ya gaji da shi. Batirin ya riga ya tsufa, in na cika shi da asuba kafin azahar ya mutu. Shi ya sa na ce bari in sayi na kirki in huta.

Na yi oda a wurin wani mai sayarwa a Instagram, yana Abuja. Ba zan kama suna ba, kuɗin ma masu harkar sun san ba na wasa ba ne. Akwatin batirin daban, tankin daban, wai wanda ke zuwa a haɗe ya ƙare. Kafin in tura kuɗi sai da na tambaye shi sau biyu, a rubuce da kuma ta murya: waɗannan biyun za su zauna da juna? Ya ce, "Oga kwantar da hankalinka, duk 510 ne, kowanne na shiga kowanne." Saƙon yana wayata har yau.

Kaya suka iso tasha da yamma, na karɓo, na haƙura har bayan isha'i da yara suka kwanta. Na zuba ruwan nikotin a tanki, na bar audugar koyil, wato 'yar wayar da ke zafafa ruwan, ta jiƙa, na murza tankin a kan akwatin. Ya shiga sumul. Na danna maɓallin sau biyar ya kawo wuta, na sake dannawa zan ja, sai allon ya rubuta min "No Atomizer". Wato bai ga tanki ba. Ga tanki zaune a kansa kamar rawani, amma wai bai gan shi ba. Na kwance, na sake ɗaurawa, na hura, na goge da bakin riga. Magana ɗaya yake maimaita min.

Na kira mutumin a daren. Amsar da ya ba ni ita ce ta fi ci min rai a duk wannan ciniki: "Bai ɗauru ba ne, ka ƙara matse shi sosai." Na matse da hannu har yatsuna suka yi ja. Da na ga shiru, na naɗe gindin tankin da tsumma na sa masa filaya. Na san wannan kam wautata ce, amma wa ya ce in matse? Washegari ya ce in turo bidiyo, na tura. Ya ce zai tambayi "injiniyansu". Daga nan sai dai in ga ya buɗe saƙo ya yi gum. Tsohon biron ya mutu gaba ɗaya a tsakanin nan, kuma a rana ta uku da daddare na tsinci kaina a gaban teburin mai shayi ina cewa a ba ni kara uku. Kwana 19 suka bi ruwa. Maiɗakina ta ji warin a rigata, ba ta ce uffan ba, kallon da ta yi min ya ishe ni.

Wanda ya fitar da ni wani yaro ne mai gyaran waya a kusa da babbar kasuwa. Canjin gilashin waya ya kai ni, na ciro abin daga aljihu ina mita, ya ce, "Hamma, kawo in gani." Bai taɓa riƙe irinsa ba, amma abu na farko da ya yi shi ne zare batirin ciki, irin dogon nan 18650, ya ajiye gefe. Ya haska ramin da tanki ke shiga da fitilarsa, ya ce in leƙa. A tsakiyar ramin akwai wani ɗan fil mai ruwan zinare, a gindin tankin ma akwai ɗan'uwansa. Ya ɗora mita ya nuna min cewa wuta ta wannan fil ɗin take fita, ta zaga koyil, ta dawo ta jikin tiredi, wato zaren da ake murza tankin a kai. In fil biyun ba su taɓa juna ba, ko da sifana ka ɗaure aikin banza ne. Nawa kuwa na tankin gajere ne, kusan ya yi daidai da bakin tiredinsa, na akwatin kuma ba mai sifirin ba ne, a kan 'yar roba kawai yake zaune, kuma ya nutse ƙasa. Ya ce ko dai haka ya zo, ko matsin ne ya tura shi, ko duka biyun. Na tuna da filayata na yi shiru.

Ya fara da tsinken sakace, ya karye. Sai ya ɗauko siririyar sukurudirebar da yake kwance waya, ya sa a gefen fil ɗin yana ɗagawa a hankali, nan kaɗan, can kaɗan, yana zagayawa don kada ya karkace. Duk abin da ya ɗaga bai kai milimita ɗaya ba. Ya goge ramin da auduga da sifirit, ya bari ya bushe, ya mayar da batir, ya murza tankin da yatsa biyu kawai, yana jin ya tsaya ya sake shi. Allo ya nuna 0.6, daidai om ɗin, wato awon juriyar wuta, da ke rubuce a jikin koyil. Na ja, hayaƙi ya cika shagon har mai sayar da caja na gefe ya leƙo. Duka-duka bai fi minti goma ba, na ba shi ɗari biyar yana ta cewa in bari.

Daga baya ne na bi diddigin wannan 510 da aka rufe min baki da shi. Ashe awon tiredi ne kawai: kauri milimita 7, tsakanin zare da zare rabin milimita, sunan kuma daga wani tsohon samfurin kamfanin Joyetech na China ya samo asali, sauran kamfanoni suka bi. Awon ya ce tanki zai murzu, amma tsawon fil da zurfin rami kowane kamfani da yadda yake yin nasa. Shi ya sa akwatuna masu kyau ke zuwa da sifirin a ƙarƙashin fil, yana hawa yana sauka daidai da tankin da aka ɗora masa. Mai sayar da wannan kaya kullum ba zai ce bai san haka ba.

To, da ya fara aiki, gaskiya ba ni da ta cewa. Batir na kai ni kwana ɗaya da rabi, ja ɗaya ya fi goma na tsohon biro, sha'awar sigari ta kwanta. Har na fara rubuta wannan sharhin a raina da yabo, ina cewa injin ba shi da laifi, zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na ce wa abokina direba ya nemi irinsa.

Sai zafin watan Afrilu ya shigo. Duk wanda ya san Gombe a wannan lokaci ya san abin da nake nufi. Na bar shi a mota na shiga banki, ina dawowa na tarar ruwan ya tsinke kamar man gyaɗa a kasko, ya bi ta ramukan iska ya gangara ya taru a daidai kan fil ɗin nan. Allo ya fara hauka, yanzu 0.6, anjima 1.4, anjima ya ce babu tanki. Na goge da auduga ya dawo. Bayan kwana biyu ya sake, wannan karon ba ruwa ba ne, fil ne ya koma ƙasa. Robar da ke riƙe da shi ta saki, duk lokacin da na kwance tanki don canza koyil sai ya ɗan nutse. Nan ne kuma na lura da abin da murna ta hana ni gani: tankin faɗinsa milimita 25, kan akwatin 22, ya yi masa baki ta kowane gefe, in na sa a aljihun gaba na zauna a kan babur tankin ne ke ɗaukar nauyin, yana lanƙwasa tiredin. Wannan ma ai a kwalin kowannensu yake rubuce, da ya duba kafin ya haɗa min.

Na gwada ɗora sabon tankin a kan wani biro na ƙanen maiɗakina don in sami na ko-ta-kwana. Ya ɗauru, fil ya taɓa, amma fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf ta ɗauke. Ƙananan nan an yi su ne don koyil mai om sama da ɗaya, 0.6 ya fi ƙarfinsu. Ga 510 ga 510, ba aiki. (Na kuma yi masa faɗa, yaron da bai taɓa shan sigari ba me ya kai shi? Nikotin ɗin dai shi ne a ciki, ni gudun wanda ya fi shi muni ne ya kawo ni.) Koyil kuwa kada ma a yi magana, kowane tanki da irin nasa, na zaga shagunan da nake zato a garin nan ban samu ba, sai an yi oda an jira mota.

Don haka na janye shawarar da na ba abokina. In zai saya, ya sayi wanda kamfani ɗaya ya haɗa akwati da tanki a kwali guda, ko ya sa a danna masa fil ɗin da tsinke a bidiyo ya ga yana dawowa sama kafin ya tura ko sisi. Nawa yanzu sau huɗu ke nan ana ɗaga shi. A na ƙarshe yaron ya ce, "Hamma, robar nan ta kusa yagewa, in ta yage fil zai taɓa bango ya yi shot, kada ka sake sa masa ƙarfe da batir a ciki." Na daina kwance tankin sai dole, ta sama nake zuba ruwa, kuma a tsaye yake kwana a kan taga.

Jiya mai sayarwar ya turo min saƙo a karon farko tun bidiyon nan. Hoton sabon ruwa ne mai ɗanɗanon mangwaro, wai ya iso, in yi sauri kafin ya ƙare.